Ziyarar Kayan Tarihin Yahudawa a Tsibirin Kurasao: Hukunci da Darasi Ga Musulmi

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, zamani ya kawo mu inda 'ya'yanmu suke taka ƙasashen da iyayensu ba su taɓa jin sunansu ba. Akwai ɗalibanmu da ke karatun likitanci a tsibiran yankin Karibiyan, akwai ma'aikatan jiragen ruwa, akwai 'yan kasuwa. A wasu daga cikin tsibiran nan, musamman Kurasao da Barbados da Jamaika, ɗaya daga cikin abubuwan da kamfanonin yawon buɗe ido ke tallatawa shi ne zagayen kayan tarihin Yahudawa. Mutum zai biya kuɗi ya bi jagora, jagoran ya kai shi tsohuwar majami'arsu da maƙabartarsu da gidan adana kayan tarihinsu, yana tafe yana bayani. Ɗalibi Musulmin da abokan karatunsa suka gayyata irin wannan fita dole ya tsaya ya tambayi kansa: ya halatta in je? In kuwa na je, ban ci amanar 'yan'uwana na Gaza ba?

Tambaya ce da ta cancanci amsa ta ilimi, domin amsar da aka gina kan fushi kaɗai ba ta daɗewa a zuciyar matashin da ya fita ya ga duniya da idonsa. Ra'ayina a taƙaice shi ne zuwan ya halatta bisa sharuɗɗa, kuma wanda ya je da ilimi zai dawo da abin da ya fi kuɗin da ya biya. Wanda kuwa ya je bai riƙe komai ba sai wayar ɗaukar hoto, za a ba shi rabin labari ya karɓa a matsayin cikakke.

Abin da ake nuna wa mai ziyara

Kurasao ƙaramin tsibiri ne mai faɗin murabba'in kilomita 444, yana kusa da gaɓar ƙasar Benezuwela, kuma har yau yana cikin masarautar Holan. Mutanen Holan sun ƙwace shi daga hannun Sifaniyawa a shekarar 1634. A 1651 rukunin farko na iyalan Yahudawa suka sauka a cikinsa, wani rukunin da ya fi shi yawa ya biyo baya a 1659. Majami'ar da ke tsaye yanzu a birnin Willemstad, wadda ake kira Mikve Israel-Emanuel, an buɗe ta a 1732, kuma ita ce mafi daɗewa a nahiyoyin Amurka cikin majami'un Yahudawa da ba a taɓa daina ibada a cikinsu ba. An gina ta ne bisa kwaikwayon babbar majami'ar Yahudawan Fotugal da ke Amstadam, wadda aka buɗe a 1675.

Wanda ya shiga zai ga kujeru na jan katako irin na madaci, da manyan fitilun tagulla a rataye, da ma'ajiyar naɗaɗɗun fatun Attaura. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalin baƙo shi ne daɓen ɗakin, domin yashi ne shimfiɗe a kansa daga bango zuwa bango. Jagorori suna ba da bayani biyu game da yashin. Na farko, wai tuni ne ga shekaru 40 da Banu Isra'ila suka yi suna ɗimuwa a hamada a zamanin Annabi Musa (AS). Na biyu, wai tuni ne ga kakanninsu na Sifaniya da Fotugal da aka tilasta wa shiga Kiristanci, waɗanda suke zuba yashi a ɗakin da suke ibada a ɓoye don kada a ji takun ƙafarsu.

Daga nan akan kai mai ziyara gidan adana kayan tarihi da ke jikin majami'ar, sannan maƙabartar Beth Haim da ke wajen gari, wadda aka keɓe tun 1659. Duwatsun kaburburanta suna ɗauke da rubutu cikin Ibrananci da Fotugisanci da Sifananci, sai dai hayaƙin matatar man da aka gina daura da ita ya cinye zanen da yawa daga cikinsu. A ƙarni na 18 Yahudawan tsibirin sun kusa kai 2,000, har suna aika gudummawa ga ƙananan al'ummomin Yahudawa na New York da Newport. Yau ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Labarin Barbados ya yi kama da wannan. Majami'ar Nidhe Israel da ke Bridgetown ta samo asali tun 1654, guguwa ta rushe ta a 1831, aka sake gina ta a 1833. Da masu ibada suka ƙare aka sayar da ginin a 1929, ya zama ofisoshi, har aka yi niyyar rushe shi kafin a ceto shi a shekarun 1980. A 2008 masu tonon tarihi suka gano kwarmin wankan tsarkinsu a binne a harabar.

Daga Andalus labarin ya faro

Musulmin da ya ji bayanin yashin nan bai kamata ya ji shi kamar labarin wasu baƙi ba, domin daga gidansa labarin ya faro. Waɗannan Yahudawa zuriyar Yahudawan Andalus ne, waɗanda suka rayu ƙarnoni ƙarƙashin mulkin Musulmi, suna rubuta littattafansu da Larabci. Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗa hannun sarki Fadinan da sarauniya Isabela ranar 2 ga Janairu, 1492. Kafin wata uku su cika, ranar 31 ga Maris, sarakunan suka sa hannu a dokar da ta ba Yahudawa zaɓi tsakanin shiga Kiristanci da barin ƙasa. Da yawa suka nufi Maroko da ƙasashen Daular Usmaniyya, inda Sultan Bayazid na Biyu ya buɗe musu ƙofa. Waɗanda suka tsallaka Fotugal aka tilasta musu baftisma a 1497. Jikokin waɗannan ne suka tsere zuwa Amstadam, wasu suka wuce Birazil lokacin da Holan ke riƙe da birnin Recife daga 1630 zuwa 1654, da Fotugal ta ƙwace birnin kuma suka watsu cikin tsibiran Karibiyan.

Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. An yi wa Musulmin Garnaɗa alkawarin barin su da addininsu, amma ba a shekara goma ba aka warware. A 1502 aka tilasta wa Musulmin Kastila shiga Kiristanci, a 1526 aka gama da na Aragon. Kotun binciken aƙida da ke farautar mai ɓoye Yahudanci ita ce dai ke farautar mai ɓoye Musulunci, tana bin diddigin wanda ba ya cin naman alade da wanda ke wanka ranar Juma'a. A 1504 wani malami, Ahmad bin Abi Jumu'a al-Magrawi, ya rubuta musu fatawar da aka sani da fatawar Wahran, yana sauƙaƙa musu yadda za su riƙe salla da zakka a ɓoye. Sun rubuta littattafan addini cikin harshen Sifaniya da haruffan Larabci, tamkar yadda malamanmu suka rubuta Hausa da Fulatanci da ajami. A 1884 aka gano tarin irin waɗannan littattafai a ɓoye ƙarƙashin daɓen wani tsohon gida a garin Almonacid de la Sierra. Duk da haka, tsakanin 1609 da 1614 aka kore su daga ƙasar, mutum wajen 300,000.

Saboda haka idan jagora ya nuna yashi ya ce alamar ibada a ɓoye ce, Musulmin da ya san tarihinsa zai tuna da waɗancan littattafai na ƙarƙashin daɓe. Hannu ɗaya ne ya kori al'ummomin biyu, a ƙasa ɗaya, bisa hujja ɗaya.

Hukuncin shiga

Mu koma kan fiƙihu. Malamai sun yi saɓani kan shiga wuraren ibadar Ahlul Kitabi. Hanafawa sun karhanta. Hanbalawa sun halatta, wasunsu suka karhanta idan akwai gumaka ko hotuna. Cikin Shafi'awa akwai waɗanda suka hana idan akwai hotunan. An ruwaito daga Imamu Malik karhanta salla a cikin coci saboda najasa da hotuna. Mai lura zai ga cewa mafi yawan maganganun nan suna kewaya illa ɗaya, wato surorin da ake girmamawa. Imamul Bukhari ya kawo cewa Sayyidina Umar (RA) ya bayyana cewa surorin da ke cikin coci-coci ne suka hana su shiga, ya kuma kawo cewa Ibn Abbas (RA) yakan yi salla a wurin ibadar Nasara matuƙar babu gumaka a ciki. Ibn Ƙudama ya ruwaito cewa da Nasaran Sham suka shirya wa Umar abinci a coci bai shiga ba, amma ya umarci Sayyidina Ali (RA) ya tafi da mutane, Ali ya shiga suka ci. Majami'un Yahudawa kuwa a bisa al'ada ba a kafa gumaka a cikinsu, don haka wannan illa ta yi rauni a kansu.

Sama da wannan duka, ya tabbata cikin Sahihul Bukhari daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya tafi da sahabbansa gidan karatun Yahudawan Madina ya kira su zuwa Musulunci. Da a ce taka ƙafa a wurin haramun ne a kan kansa, da bai taka ba.

Wasu za su kawo hadisin da ya hana ɗaura sirdi don tafiya sai zuwa masallatai uku. Wannan hadisi yana magana ne kan tafiyar da aka yi da nufin ibada da neman falalar wuri. Mai zuwa ganin tarihi bai ƙudurta cewa wurin yana da albarka ba, in kuwa ya ƙudurta haka to matsalarsa ta wuce batun tafiya, ta shiga aƙida. Wasu kuma za su kawo yadda Annabi (SAW) ya rufe fuskarsa ya hanzarta da ya bi ta Hijir, garin Samudawa, a hanyar Tabuka. Wannan hukunci ne na wurin da azabar Allah ta sauka, kuma babu nassin da ya sa wani tsibirin Karibiyan cikin wannan sahu. Abin da za mu ɗauka daga hadisin shi ne ladabi: kufan mutanen da suka shuɗe wurin wa'aztuwa ne, kuma Alƙur'ani a surori da dama ya kwaɗaitar da tafiya a doron ƙasa don lura da makomar al'ummomin da suka gabata.

Magabata sun san iyakar wannan halasci. Ibn Baɗɗuɗa ya shiga Kusɗanɗiniyya a ƙarni na 14, tun tana hannun Rumawa, sarki ya haɗa shi da jagoran da ya zagaya da shi birnin. Ya siffanta babbar cocinsu ta Aya Sofiya daga waje, amma bai shiga cikinta ba, domin an gaya masa ba a shiga sai an yi sujada ga gicciye. Ya kalli abin da ya halatta ya kalla, ya tsaya inda tauhidi ya tsayar da shi. Wannan ita ce ƙa'idar, kuma daga gare ta sharuɗɗan suke fita.

Kada Musulmi ya shiga lokacin da ake gudanar da ibada ko bikin addini, kada ya yi tarayya cikin addu'a ko kunna kyandir ko wata al'ada ta ibada. Majami'un Yahudawa galibi suna buƙatar namiji ya rufe kansa, to ya je da hularsa, ya wadatu da ita daga 'yar ƙaramar hular da ake miƙa wa baƙi. Kada fitar ta ci masa salla, balle Juma'a, kuma a unguwar Otrobanda ta Willemstad akwai masallacin Umar bin Khaɗɗab da Musulmin tsibirin, waɗanda yawancinsu asalin Lebanon ne, suka gina a shekarun 1960. A maƙabarta ya tsaya da natsuwa don tunawa da mutuwa, kada ya taka kabari, kada kuma ya nemi gafara ga wanda ya mutu a kan wani addini. Kuɗin shiga ladan aiki ne da aka yi masa, kuma ciniki da Yahudawa ya halatta, domin Annabi (SAW) ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude kan sa'i 30 na sha'ir. Amma akwatin gudummawa wani abu ne daban: ya tambayi inda kuɗin ke tafiya, in bai samu gamsasshiyar amsa ba ya riƙe abinsa. Wanda kuma bai san tushen aƙidarsa ba, har kowace magana mai daɗi tana iya girgiza shi, barin zuwan ya fi masa, ko ya je tare da wanda ya fi shi sani.

Batun Magili da batun Gaza

Ɗalibin da ya karanta tarihi zai iya cewa: ai Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, shi ne ya yi fatawar rushe majami'ar Yahudawan Tamanɗiɗ a yankin Tuwat a ƙarshen ƙarni na 15. Haka ne, ya yi. Amma alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa, manyan malaman Tilimsan da Fas suka rabu biyu kan mas'alar, kuma al-Wansharisi ya tattara fatawoyin ɓangarorin biyu cikin al-Mi'iyar. Jayayyar tasu kan hukuncin ginin 'yan amana ce a ƙasar da Musulmi ke mulki. Ɗalibinmu na Kurasao baƙo ne da ya shiga ƙasar wasu da biza, biza kuwa alkawarin aminci ne da Shari'a ta wajabta masa cikawa. Ɗauko waccan fatawa a ɗora ta a kan wannan hali jahiltar fatawar ne. Mu tuna kuma cewa aya ta 40 cikin Suratul Hajji, da take bayanin hikimar tunkuɗe zalunci, ta jero ɗakunan ibadar ruhubanawa da na Nasara da na Yahudawa tare da masallatai cikin abubuwan da ake kare wa rushewa.

Batun Gaza ya fi wannan nauyi a zuciya, kuma ba zan raina shi ba. Kashe mata da yara, rushe asibitoci da masallatai, hana mutane abinci da magani, zalunci ne da babu Musulmin da zai yi shiru a kansa. Amma mu auna da ma'aunin da Allah Ya ba mu. An buɗe majami'ar Kurasao shekara 216 kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Kalmar Isra'ila da ke cikin sunanta tana nufin Annabi Yaƙubu (AS) da zuriyarsa, kamar yadda Alƙur'ani yake amfani da ita. Waɗanda ke kwance a Beth Haim tun ƙarni na 17 ba su ƙwace gonar wani Bafalasɗine ba. Aya ta 8 cikin Suratul Ma'ida ta gargaɗe mu kada ƙiyayyar wasu mutane ta ja mu ga barin adalci, aya ta 8 cikin Suratul Mumtahana kuma ta bambanta wanda ya yaƙe mu da wanda bai yaƙe mu ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawar Bayahude Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko gawar wane ce sai ya tunatar da su cewa ai rai ne.

Mu da muke kuka kullum cewa ana ɗora wa kowane Musulmi laifin 'yan ta'adda, mun fi kowa sanin zafin wannan ma'auni. Mai fafutukar Falasɗinu da ya kasa bambance Bayahude da mai mamaya ya miƙa wa abokin hamayyarsa makamin da ya fi so, domin babu abin da masu kare mamayar suke nema kamar su nuna wa duniya cewa ƙiyayyar jinsi ce ke motsa mu. In kuwa jagora ya karkatar da zagayen ya mai da shi tallar siyasar mamaya, Musulmi yana da baki, ya faɗi gaskiya cikin ladabi ko ya fice.

Abin da jagora zai iya tsallakewa

Jagoran yawon buɗe ido ɗan kasuwa ne, yana da awa biyu ko uku, kuma yana son baƙinsa su rabu da shi cikin farin ciki. Ko bai yi ƙarya ba, zai zaɓi abin da zai faɗa. Ga tambayar da Musulmin Afirka ya kamata ya riƙe: da gumin wa aka gina arzikin wannan tsibiri?

A rabin ƙarshe na ƙarni na 17 da farkon na 18, Kurasao babbar kasuwar bayi ce. Kamfanin Holan na Yammacin Indiya yana kwaso mutane daga gaɓar Afirka, ya sauke su a tsibirin, a sayar da su zuwa yankunan da Sifaniya ke mulki. Cikin mutum wajen miliyan 12 da rabi da aka loda a jiragen bayi zuwa nahiyoyin Amurka, jiragen Holan sun ɗauki kimanin 600,000. Ranar 17 ga Agusta, 1795 bayin Kurasao suka yi tawaye ƙarƙashin jagorancin Tula, aka murƙushe su aka kashe shi bayan azabtarwa. Ba a soke bauta a tsibirin ba sai 1 ga Yuli, 1863, kuma sai a Disambar 2022 firaministan Holan ya nemi afuwa a madadin gwamnatinsa, sarkin ƙasar ya biyo baya a Yulin 2023. Gidan tarihi na Kura Hulanda da ke Otrobanda yana baje kolin wannan tarihi, kuma wanda ya ga majami'a bai leƙa can ba ya ga rabin tsibirin ne.

Yahudawan Kurasao, kamar sauran masu dukiya na tsibirin, sun mallaki bayi, wasunsu sun yi cinikinsu. Wannan gaskiya ce da ba a ɓoyewa. Amma maganar da ke yawo a intanet cewa Yahudawa ne suka riƙe ragamar cinikin bayi na Atlantika ƙarya ce da masana tarihi suka rushe da alƙaluma. Gwamnatocin Fotugal da Ingila da Faransa da Sifaniya da Holan da kamfanoninsu su ne suka riƙe shi. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. Waɗanda aka loda a jiragen nan, a hannun sarakuna da fataken Afirka aka saye su, kuma cikin masu sayarwar akwai Musulmi. Abin ya kai Shehu Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta Mi'irajus Su'ud a 1615 yana bayyana haramcin bautar da Musulmi 'yantattu, ya ambaci mutanen Kano da Katsina da Borno cikin waɗanda suka daɗe da musulunta.

Cikin waɗanda aka tsallakar akwai malamai. Abubakar as-Siddiƙ haifaffen Timbuktu ne, mahaifiyarsa tana da asali da Katsina da Borno. An kama shi a yaƙi yana ɗalibi, ya yi kusan shekara 30 yana bauta a Jamaika, yana rubuta wa ubangidansa lissafin kaya da haruffan Larabci, har aka 'yanta shi a 1834 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci. Muhammadu Kaba ya rubuta littafi kan salla da aƙida daga abin da ya haddace, yana cikin bauta a wata gona ta Jamaika. Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa, ɗan garin Jugu da ke Benin ta yau, wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, an kai shi Birazil, ya kuɓuta a New York a 1847, ya zauna a Haiti inda 'yan mishan suka yi masa baftisma, aka buga tarihinsa a 1854.

Waɗannan bayin Allah ba su bar masallacin da jagora zai nuna ba, kuma ba su da maƙabarta mai duwatsu da rubutu. Dalilin a fili yake. Yahudawan Kurasao sun zo da matansu da 'ya'yansu da littattafansu, da takardar izinin yin addininsu, suka kafa makaranta, suka riƙe rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Musulmin da aka kawo cikin sarƙa an raba shi da iyalinsa, an sauya masa suna, ba shi da ikon tara yara ya karantar. Imaninsa bai gaza na kowa ba, hanyar miƙa shi ga na baya aka toshe, shi ya sa cikin tsara ɗaya ko biyu hasken ya dushe. Musulmin da ke tsibiran nan a yau galibi zuriyar waɗanda suka zo daga baya ne, daga Indiya da Sham, da waɗanda suka musulunta a wannan zamani.

Abin da za a dawo da shi gida

Darasi na farko ga magidanta ne. Addini yana wucewa daga tsara zuwa tsara ta hanyar iyali da makaranta da rubutu. Mu da babu wanda ya hana mu ko ɗaya daga cikin ukun, ba mu da uzuri in 'ya'yanmu suka tashi ba su san farillan alwala ba.

Na biyu, gini ba ya riƙe addini in masu shi sun watse. Majami'ar Barbados ta zama ofis ne ranar da aka rasa masu ibada, kuma abin da baƙi ke biyan kuɗi su gani a yau a wurare da yawa kufai ne da aka gyara. Babban masallacin Ƙurɗuba yana nan tsaye, dubban masu yawon buɗe ido suna shiga kullum, amma coci ne tun 1236. Masallaci yana raye ne da sahun Asuba.

Na uku, al'ummar da ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba ta iya adana takardunta na shekara 300, ta horar da masu bayani, ta sa duniya tana zuwa jin labarinta daga bakinta. Mu kuwa muna da hasumiyar Gobarau a Katsina, da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da masallacin Agadas, da ganuwar Kano da ake yanka ana gina shaguna a kanta, da dubban littattafan kakanni da gara ke ci a cikin adaka. Adana waɗannan ba bautar gini ba ne, matuƙar ba a nemi tabarruki da su ba. Hujja ce da za a nuna wa yaro cewa karatu da rubutu da tsarin mulki sun daɗe a ƙasarsa kafin zuwan Bature. Wanda bai rubuta tarihinsa ba, wani zai rubuta masa, ya kuma karɓi kuɗi a hannun jikokinsa kafin ya karanta musu.

Don haka, ya kai ɗalibi, in an gayyace ka wannan zagaye kuma ka san sharuɗɗan da aka ambata za su cika, ka karanta tarihin Andalus kafin ka fita. Ka saurari jagora da ladabi, ka tambaye shi labarin bayin da suka yi aiki a gidajen da yake nunawa. Ka nuna wa masu wurin halin Musulmi, domin wataƙila kai ne Musulmi na farko da wani a cikinsu zai yi magana da shi ido da ido. Iyaye kuma, kada ku wadatu da cewa “kul” ta waya. Ku ba yaro dalili, domin dalili ne zai zauna tare da shi a inda idonku ba ya kaiwa.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya kawo wa mutanen Falasɗinu ɗauki, Ya jiƙan bayinSa Musulmi da suka cika a ƙasashen bauta babu mai yi musu salla, Ya tsare imanin 'ya'yanmu a duk inda suke. Allah ne Mafi sani.